A ɓoye mai laifi ko a nuna shi tun farko?

Labarin kisa ko na sata yakan zo ta hanya biyu. Wani marubucin sai ya ɓoye mai laifi har shafin ƙarshe, wani kuma ya nuna maka shi tun babin farko, wuƙa a hannu.

Na farkon ne ke hana ni barci. Kowa a gidan abin zargi ne: direba, uwargida, har malamin da ake kai wa sadaka. Idan marubuci gwani ne, ya riga ya ajiye maka alama tun shafi na 12, taɓo a takalmi alhali ba a yi ruwa ba, kai kuma ka wuce ta. Ran nan a bas daga Samaru ina irin wannan karatu a waya, Kwangila zan sauka, ban farga ba sai da kwandasta ya ce an iso Sabon Gari. Aibinsa ɗaya: da ka san ƙarshe, zaƙin ya tafi. Wani ragon marubucin kuma sai ya jawo baƙon da ba a taɓa ambata ba ya ɗora masa laifin. Wannan cuta ce tsagwaronta.

Na biyun, tambayar ita ce yaya za a kama shi. Yayata da ke Tudun Wada shi ta fi so, wai tana jin daɗin kallon mutum yana ƙarya ƙafarsa na rawa. Ana iya maimaita shi sau uku, na yarda. Amma ni da ta miƙo min irinsa, sai in ce, "Yaya, ajiye min sai bayan sallah."