Doki ko Mota: Zaɓi Biyu ga Mai Ziyartar Jejin AlUla

Hausawan Makka da Jidda da ke zuwa AlUla, a lardin Madina, sukan tarar da hanyoyi biyu na shiga jeji tare da ja-gora, wato a bayan doki ko a cikin motar sahara.

Mota ta fi saurin kai mutum nesa. Da ita ake zagaya gandun dajin Sharaan, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,500, inda aka sake sakin mariri da barewa bayan farauta da yawan kiwo sun kusa ƙarar da su. Ga dattijai da masu ƙananan yara, ita ce ta dace.

Doki kuwa ba ya cin ƙasa mai yawa, amma a ganina ya fi koyarwa. Mahayi yana tafiya a hankali tsakanin jajayen duwatsu, har yakan lura da sawun dabba a kan rairayi da ƙaramin tsiro da ke ƙoƙarin kamawa, abubuwan da mota kan wuce kafin ido ya sauka a kansu. Sannan doki yana jin fargabar mahayinsa ta linzami, don haka dole mutum ya natsu, ya sassauta hannu, ya bi umarnin ja-gora. Wannan tarbiyya ce da kujerar mota ba ta bayarwa.

Sai dai kofato ma yana tattake tsirrai idan aka bar turba, kuma hawan ya fi dacewa da lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris.