CD, manhaja ko memori: a ina za ka sayi tsofaffin waƙoƙin rock?

In kiɗan jitar Turawa na shekarun 1970 da 1980 ya shiga ranka, ko amshin waƙoƙin pop ɗin nan da ke wuni a bakin mutum, shawarata ɗaya ce: nemi CD na asali, ko da na gwanjo ne.

Sauti ne hujjata. CD yana ɗauke da kilobit 1,411 na bayanan sauti a daƙiƙa, MP3 kuwa iyakarsa 320. A wurin amshi ake jin bambancin, inda muryoyi ke hawa kan juna, jita na amsa musu, ganga na bi a ƙasa. Fayil ɗin da aka matse da yawa yakan cakuɗa su. Kundin Brothers in Arms na ƙungiyar makaɗa ta Dire Straits, na 1985, shi ne na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a CD, kuma har yau in ka saka shi za ka ji kowace tsirkiya daban. Faifan naka ne har abada. Kwafe shi a kwamfuta, ka zuba a waya, ba ruwanka da data. Ga kuma ɗan littafin ciki mai sunayen makaɗa da shekarar ɗauka, wanda ke raba gardama idan hira ta yi zafi tsakanin abokai.

Manhajar jin waƙoƙi ta Spotify, da ta shigo Najeriya a 2021, tana da amfani wajen ɗanɗano da tura wa aboki waƙa, amma ranar da ka daina biya, abin da ka sauke ya kulle. Faifan garmaho kuwa, zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa barin sa.

Memorin da ake cika wa mutum a kasuwa shi ya fi ƙona min rai. Na taɓa sayen wanda aka rubuta 32GB a jikinsa, rabin waƙoƙin suka ƙi buɗewa. Waɗanda suka buɗe ma, wasu ba ainihin mawaƙan ba ne, masu kwaikwayo ne aka liƙa musu sunan, wasu kuma ga muryar mai talla a tsakiyar amshi. Kada ka biya sai ka saurari waƙa biyar daga wurare daban-daban, har ƙarshensu.

CD ma akwai jabu, da yawa. Juya bayansa: na kamfani ruwan azurfa ne, wanda aka ƙona a shago yakan yi kore ko shuɗi. Duba zoben tsakiya, faifan da aka buga daga 1994 galibi yana da lambar shaidar masana'anta mai farawa da haruffan IFPI a wurin. Hoto dishi-dishi ko kuskure a rubutun sunan mawaƙi, ajiye shi. Ka kuma yi hattara da tarin fitattun waƙoƙi masu arha, domin wasu sake rera su aka yi bayan murya ta tsufa. Karanta ƙananan rubutun bayan kwali, shekarar da ke gaban kowace waƙa ita za ta gaya maka.