Cibiyar darasin yamma da malamin da ya ƙi faɗin gwaninsa

A farkon 2023 na sa ɗana a wata cibiyar darasin yamma a Kano domin shirin jarrabawar JAMB, kuma malamin darasin Gwamnati ne ya sa na gamsu da ita. Ana tsaka da yaƙin neman zaɓen gwamna ɗalibai suka matsa masa ya faɗi gwaninsa, sai ya karanta musu sashe na 179 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce sai ɗan takarar gwamna ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha kafin ya ci zaɓe, ya sa su lissafa kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi 44 na jihar. Na yaba masa ƙwarai, domin yaran da maki ke hannunsa ba za su iya musa masa ba. Aibin wurin shi ne cunkoso, ga fanka ɗaya tak.