Jira da ƙananan kamfanonin manhaja na Kano: sharhi

Wasu ƙananan kamfanonin da ke rubuta manhaja a Kano ba sa tara ma'aikatansu a ɗaki ɗaya. Za ka tarar shugaban aikin yana ofis a titin Zoo Road, mai rubuta manhajar yana Abuja, wani kuma yana karatu a Malesiya, inda agogo ya riga namu da awa 7. A irin wannan yanayi taron tsaye na minti 15 da Scrum, wani tsarin gudanar da aikin tawaga, ya tanada kullum yana da wuyar kiyayewa, don haka allon tsara aiki shi ke zama wurin haɗuwa. Jira, irin wannan allo na intanet wanda kamfanin Atlassian na Ostireliya ya fitar a 2002, yana cikin waɗanda aka fi amfani da su, kuma tsarinsa na kyauta yana ɗaukar mutum 10 tare da ma'ajiya mai girman gigabait 2.

Wajen tsara aiki ban ga abin kushe ba. Ana jera ayyukan da ke jira, a zaɓi na zangon mako biyu, kowane aiki ya sami katinsa da mai shi, wanda ya farka da asuba a Kuala Lumpur kuma ya ga inda aka kwana ba tare da ya kira kowa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne lambar da kowane kati ke ɗauka. Idan aka haɗa Jira da GitHub, shafin da ake adana rubutun manhaja, mai rubuta manhaja ya sa wannan lamba a sunan reshe (wato kwafin da yake aiki a kai) ko a bayanin gyaran da ya tura, gyaran zai bayyana a jikin katin, ta yadda shugaban aiki zai gani da idonsa maimakon ya dogara da "ai na kusa gamawa".

Inda ya kamata a yi hattara shi ne gwaji. Jira bai zo da cikakken wurin tsara gwaje-gwaje ba. Masu buƙatar haka sukan ƙara masa manhajojin gwaji irin su Xray ko Zephyr, waɗanda ake biyan kuɗinsu daban. Ba tare da wani sharaɗi ba, kowa na iya jan kati zuwa layin "an gama" alhali babu wanda ya taɓa aikin, kuma ga tawagar da ba ta ganin juna wannan shi ne babban haɗari, domin allon zai nuna komai lafiya lau har ranar da wanda ya ba da kwangilar ya buɗe manhajar. Maganin da na fi yarda da shi bai kai tsadar waɗancan ƙarin ba: a sanya layin gwaji tsakanin aiki da kammalawa, a rubuta sharuɗɗan karɓa a jikin katin tun kafin a fara, sannan a bar GitHub Actions, sashen GitHub mai sarrafa aiki da kansa, ya gudanar da gwaje-gwajen kai-tsaye duk lokacin da aka tura gyara, kada a haɗe gyaran da babbar manhajar sai ya tsallake gwajin.

Duk da haka akwai gwajin da na'ura ba za ta yi mana ba. Manhajar da aka rubuta a kan kwamfuta mai ƙarfi sai an ɗora ta a kan ƙaramar Itel ko Tecno irin waɗanda ake saye a kasuwar Farm Centre, a gwada ta lokacin da sabis ya yi rauni, a rubuta suna mai ɗauke da ƙ ko ɗ a ga ko zai koma alamar tambaya. Mai gwajin da ke Kano ya ɗauki hoton allon wayar, ya maƙala a katin tare da samfurin wayar da matakan da ya bi, domin abokin aikinsa na nesa ba shi da wata hanyar ganin matsalar.

Shafukan Jira suna da nauyi ga mai amfani da datar waya, saitunansa kuma suna da yawa ƙwarai, har sabon shiga kan ɓata lokaci a kansu. Da zarar tawaga ta haura mutum 10, biyan kuɗi na kowane mutum ne a kowane wata, da kuɗin waje, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Tawagar mutum uku ko huɗu da ayyukanta ke kan GitHub za ta fi samun sauƙi da GitHub Projects, allon tsara aiki na GitHub, ko da Trello, wani allon mai sauƙi, wanda Atlassian ɗin ya saya a 2017.