Ina Za Ki Haihu? Ki Zaɓa Tun Ciki Yana Ƙarami

Ƙanwata ta yi awon wata bakwai a wani asibitin kuɗi mai tsafta, ma'aikatansa ga fara'a. Daren da ta sauka, jini ya ɓalle bayan fitar mabiyiya, sai ga shi likita yana gidansa, jini kuma ko leda ɗaya babu. A adaidaita sahu muka kwashe ta ƙarfe biyun dare, kanta a cinyata, zanina ya jiƙe sharkaf. Allah ya sa da sauran kwana. Tun ranar, duk wadda ta tambaye ni inda za ta haihu, tambaya ɗaya nake mayar mata: idan abu ya rikice da tsakar dare, me wurin zai iya yi?

Ƙaramin asibitin unguwa ya wadatar wajen awo in cikin lafiyayye ne. Ga kusa, ga sauƙin kuɗi. Za a auna hawan jini, a ba ki maganin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi miki allurar tetanus. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8, na farko cikin mako 12 na farkon ciki, kuma kusa da gida ne kaɗai mace ke iya cika wannan. Sai dai ba a tiyata a nan, wasu ma ba sa kwana a buɗe.

Babban asibitin gwamnati, irin su Murtala ko na Malam Aminu Kano, shi ne mai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini da likitocin mata. Mai cikin fari da ƙananan shekaru, mai tagwaye, mai hawan jini, wadda ta taɓa jijjiga ko aka taɓa yi mata aiki, da wadda ta haihu biyar zuwa sama, ni dai nan nake tura su. Za ki yi sammako, za ki sha layi, amma ga allurar jijjiga a hannu, ga mai iya fiɗa. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi; ki tambaya tun wajen awo ko asibitinki yana cikin shirin.

Asibitin kuɗi kuwa akwai nagari ƙwarai. Kada dai fenti da sanyin ɗaki su ruɗe ki. Ki tambaye su gaba da gaba: likita yana kwana? Nan ake aiki ko turawa kuke yi? Nawa ne kuɗinsa?

Haihuwar gida ita ce ta fi daɗi a zuciya, na sani, ga Inna ga ungozoma ga sutura. Amma ungozoma ba ta da abin tsayar da jini, kuma doguwar naƙuda a ɗaki ita ke cika gadajen masu yoyon fitsari.

Duk inda kika zaɓa, kafin wata takwas ki haɗa jaka: safar hannu, auduga, leda, zannuwa. A san rukunin jininki da 'yan'uwa biyu da za su bayar, a ajiye lambar direba. Ki kuma nemi izinin maigida tun yanzu, ta yadda ko yana kasuwar ƙauye naƙuda ta taso, ba sai an jira dawowarsa ba.