Ciwon ƙugun mai ciki: yadda ake yi da shi a nan Ingila

Salamu alaikum Yaya da sauran 'yan uwa. Tunda akaji ina dogara sanduna kowa ya tada hankalinsa, wannan tace ko faɗuwa nayi, waccan tace ko ɗan ne ya kwanta ba daidai ba, toh bari inyi bayani sau ɗaya kowa ya huta, kuma inaga masu ciki a cikinmu zasu ƙaru.

Ciwon nan kun sanshi sarai. Shine wanda mai ciki zata ce miki ƙashin mararta kamar zai tsage, kwankwaso ya riƙe, ciwon yana sauka har cinya da matsematsi, juyi a gado ya zama aiki, hawa bene kuwa sai da addu'a, wani lokacin ma har ƙas zakiji ƙashin yayi. A gida amsarsa ɗaya ce, ai ciki ne kiyi haƙuri, in kin sauka zai tafi. A nan suna kiransa PGP, da can SPD suke cewa, kuma NHS, wato hukumar lafiyar ƙasar, tace yana iya samun mace 1 cikin 5 masu ciki. Yadda aka min bayani, ƙashin ƙugu mahaɗa uku gareshi, ɗaya a gaba ƙasan mara, biyu a baya gefe da gefen ƙarshen ƙashin baya. In ciki ya tsufa nauyi ya ƙaru, jijiyoyi sun saki, tsayuwarki ta canza, sai wata mahaɗar ta ƙage wata kuma tana motsi fiye da ƙima, daga nan ciwon yake tasowa. Wadda ta taɓa ciwon baya, ko ta taɓa buguwa a ƙugu, ko tayishi a cikin baya, ko mai aikin ƙarfi, tafi saurin kamuwa. Ɗan dake ciki babu abinda yake samunsa, uwar ce dai ke shan wuya.

Awo a nan ungozoma ce keyi, likita sai in da matsala, kuma sunfi so ki fara kafin sati 10. Amma fa Yaya akwai abu ɗaya da yake cutar matanmu a ƙasar nan, wato alkunya. Kinsan mu in aka ce ya jiki sai muce da sauƙi alhamdulillahi ko da kuwa da rarrafe muka shigo. Toh baturiya in kika ce mata da sauƙi, wallahi da sauƙin zata rubuta a kwamfuta ta sallameki, ba zata karanci fuskarki ba kamar yadda Mama zata yi. Dole ki buɗe baki kice na kasa saka wando a tsaye, na kasa fita daga mota, dare bana barci. Sai da na faɗa haka sannan ta turani sashen gashin ƙashi, fisiyo kenan, a wurare da yawa ma ba sai an turaki ba, fom zaki cike a intanet ki tura kanki.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan ba wasa bane. Sati ya bi sati, farko ma waya kawai suka bugo suka turo takardar motsa jiki, alhali ni hannu nake so a sa min. Sai da na sake kira nace ciwon ya ƙaru sannan aka bani rana. Wannan shine halin NHS, aikin yana da kyau amma layin dogo ne, wadda tayi shiru kuma ita ce a ƙarshen layi. Masu hali suna zuwa fisiyo na kuɗi, akwai wata ƙungiyar agaji ma, Pelvic Partnership, da aikinta kenan wayar da kan mata akan wannan ciwon, su kullum maganarsu ita ce a nemi wanda zai gyara mahaɗar da hannu kar a tsaya a takarda kawai, kuma a fara da wuri.

Ranar da na samu shiga na roƙi mace aka bani, wadda Turanci bai zauna mata ba kuma tana iya neman tafinta kyauta. Matar tasa na tsaya da ƙafa ɗaya tana kallon yadda ƙugun ke karkata, ta kwantar dani ta gefe da filo a tsakanin gwiwoyi, ta dinga danna babban yatsanta a 'yan ramukan nan biyu na ƙasan baya har ta kai inda na ce wash, tace yauwa ga mai laifin, na dama ne ya ƙage. Ta ɗan jima tana matsawa tana sakewa a hankali, ba irin murzar ƙarfi ba. Dana miƙe ciwon bai tafi ba amma na taka har bakin titi ba tare da na tsaya hutawa ba. Ta koya min motsa jikin da zai ƙarfafa naman mara da na ɗuwawu, ta ɗaura min bel, ta bani aron sanduna na ranar da tafiya ta kama dole.

Maganar kaya kuwa, kasuwar masu ciki a nan cike take, bel kala kala, wani dogon filo da ya kai tsawon mutum, da su kujeru. Bel ɗin yana taimako in kina tsaye ko tafiya, amma a ƙasa ake ɗaurashi akan ƙashin ƙugu ƙarƙashin cikin, ba akan cikin ba. Dogon filon nan a ganina ɓarnar kuɗi ce, filo biyu na gida tsakanin gwiwa da idon sawu sunyi aikin. Abinda yafi burgeni ma leda ce, ki shimfiɗa akan kujerar mota, ki zauna tukunna, ki haɗe gwiwoyi ki juya gaba ɗaya, kafin a tada mota ki zare ta. Sauran duk dabara ce, saka kaya a zaune, hawa bene taki ɗaya ɗaya, banda harɗe ƙafa, banda zaman ƙasa, juyi a gado da gwiwoyi a haɗe. Sallah ma a kujera nake yinta yanzu don tashi daga sujada ne yafi komai.

Magani farasitamol ne, shima a kanti ƙwaya 16 ne a kwali kuma basa sayar miki fiye da kwali biyu. Ibufurofen da diklofenak basa so mai ciki ta sha sai likita ne yace, musamman in ciki yayi nisa, don suna iya taɓa ƙodar ɗan su rage ruwan da yake ciki. Wannan don Allah ku riƙe, don nasan a gida mutum zai shiga kemis yace ƙugu ke ciwo a haɗo masa ba tare da an tambayi watan cikin ba. Wanda likita ya rubuta kuma a Ingila fam 9.90 ake biya kowane ɗaya, amma mai ciki ana bata takardar yafewa har wata 12 bayan haihuwa, har da likitan haƙori. Kar dai kuce komai kyauta ne, yawancin masu biza suna biyan fam 1,035 na lafiya kan kowace shekara tun wajen neman bizar, ɗalibai 776, masu bizar aikin asibiti da kula da tsofaffi ne aka ɗauke wa.

Wajen aiki doka ta tilasta musu su duba abinda zai cutar da mai ciki su canza mata, zuwa awo kuma ba'a yanke albashi. Sai dai in ciwon da cikin ya jawo ya zaunar dake a gida a sati 4 na ƙarshe, hutun haihuwarki ya fara kenan ko kin shirya ko baki shirya ba.

Inda gida yayi musu fintinkau shine hannu. Fisiyo ta lissafo min, kar ki ɗaga abu mai nauyi, kar ki saɓa yaro a ƙugu ɗaya, kar ki tura keken sayayya, kar ki ja injin shara, ni kuwa ina kallonta ina cewa a raina toh waye zai yi? Maigida yana aikin dare, maƙota sai dai murmushi a bakin ƙofa, ɗan yaye yana kuka a ɗaukeshi, gidan kuma banɗakin a sama yake kicin a ƙasa. Da a gida ne kafin in ce wash wata ta karɓi yaron wata ta ɗauki wankin. A nan in kina son wannan sai ki biya da awa.

Haihuwa kuwa fisiyon tace yawanci da kansu suke haihuwa, ciwon ba dalilin tiyata bane. Ta auna iya buɗewar da ƙafafuna keyi ba tare da zafi ba tace a rubuta a takardar haihuwa, saboda in anyi allurar kashe zafi ta baya bazan ji ba in an wuce gona da iri.

Ku dake gida, manyan asibitoci musamman na koyarwa suna da sashen gashin ƙashi, in anje awo a roƙa a turaku, kar a tsaya jiran a tambayeku. Amma in ciwon ya zo da jini, ko zubar ruwa, ko zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda, ko motsin ɗan ya ragu, wannan ba maganar bel bace, asibiti za'a wuce a lokacin ko da tsakar dare ne. In kuma an haihu ciwon bai lafa ba, a koma a faɗa, a nan akwai dubawar da akeyi wa mai jego tsakanin sati 6 zuwa 8, fisiyon tace in tada maganar a wajen su sake turoni. A gaida Mama, ace mata ta kwantar da hankalinta.