Wane Li kake nufi, Yaya?

Yaya, ina gaisuwa. Ka gaida Inna da Kawu da yaran gida baki ɗaya. Sanyi ya sauka a nan Seoul, har ruwan alwala sai an ɗumama.

Ka tambaye ni ko mutumin da nake sayen fitilun mota da injuna a wajensa a kasuwar Janghanpyeong ɗan'uwan Mista Li ɗin nan ne na Guangzhou, tunda sunansu ɗaya, ko za a samu ragi ta wannan hanya. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Makon farko da na zo, na shiga layin 'yan kayan gyara na ce ina neman Mista Li, mutum huɗu suka ɗago kai. A ƙidayar 2015 kusan kashi 15 cikin ɗari na mutanen Koriya ta Kudu wannan sunan suke ɗauka, Kim ne kaɗai ya fi shi. A Sin kuwa masu shi sun kai wajen miliyan 100.

Harafin sunan a rubutun Sin dai ɗaya ne a ƙasashen biyu: hoton itace a sama, hoton ɗa a ƙasa, ma'anarsa wani ɗan itace mai ɗan tsami, kamar ɗinya. Na gan shi da kyau ranar da na je a sassaƙa mini hatimi. Nan mutane da yawa har yanzu da hatimi suke ƙulla yarjejeniyar haya ko cinikin mota, ɗan guntun katako ne kamar yatsa, a dangwala a jan tawada a buga. Tsohon mai shagon ya sa nawa a inji, kafin in gama shan shayin da ya ba ni an gama. Sai ya ciro nasa na dutse, aikin hannu, ya buga a takarda ya nuna mini itacen da ɗan. Mutanen nan a bakinsu "I" suke cewa kawai, na Koriya ta Arewa su ce "Ri", a fasfo kuma a rubuta Lee.

Mutanen Sin suna da labarin cewa kakan masu sunan Li ya gudu daga wani azzalumin sarki na daular Shang, 'ya'yan itacen nan suka raya shi a daji, sai ya ɗauki sunan. Wannan labarin baka ne. Abin da ke rubuce shi ne Li Yuan ya kafa daular Tang a 618, ta kai har 907, kuma sarakunanta kan yi wa jarumin da ya yi musu biyayya kyautar sunan gidansu, kamar yadda sarki a wajenmu kan naɗa rawani. Haka sunan ya bazu har cikin baƙin ƙabilu.

Na Koriya da dama tushensu daban ne. Shi ya sa idan biyu suka haɗu ba sa tsayawa a kan suna, sai an tambayi garin asali, abin da suke kira bon-gwan. Akwai Li na Jeonju, gidan Yi Seong-gye (Yi ɗin ma Li ne) da ya kafa daular Joseon a 1392, akwai na Gyeongju, da wasu barkatai. Ya tuna mini yadda muke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari, sai dai su garin ba ya fitowa a katin shaida, yana cikin littafin zuriya da suke kira jokbo. Da can bayi da talakawa da yawa ba su da sunan gida. Bayan an soke bauta a 1894, aka zo rajistar 1909, kowa sai ya ɗauki suna, kuma wa zai zaɓi na talaka alhali ga na sarauta? Har aure ma haramun ne tsakanin masu suna ɗaya da gari ɗaya, sai 1997 kotu ta rushe dokar.

Batun kaya kuma, kada sunan ya ruɗe ka. Takalman Li-Ning na Sin ne, Samsung kuwa wani Lee Byung-chul ya kafa shi a 1938 a nan Koriya, babu abin da ya haɗa su. Kayan Guangzhou sun fi arha, kuma a unguwar Xiaobei ta can ka taya a sallama, har rabin kuɗi ana saukowa. A nan ciniki kaɗan ne, amma kayan tsohuwar mota na asali ne, kuma abin da ka yi oda da dare sau da yawa da safe yana bakin ƙofa. Ni dai injin da giyar mota daga nan, fitilu da madubai daga can.

Kwantenar za ta tashi daga Incheon ƙarshen wata. Idan za ka tura kuɗi, ka bi lambar asusun da na aiko maka, ka duba cikakken sunan harafi-harafi kafin ka danna.